Wai in aka ba ɗan sanda mutum-mutumi tsaro zai gyaru? Fashin baƙi kan Patlabor, katun ɗin Japan na 1988

Wai shin in aka ɗauki mutum-mutumi aka sa masa hular 'yan sanda aka sake shi a titi, aikin ɗan sanda zai gyaru ne ko ƙara lalacewa zai yi? Duk sanda aka sako bidiyon wani karen ƙarfe yana sintiri a Amurka ko wani inji mai baje a ƙirji a Dubai sai kaga mutane sun rabu gida biyu, wasu na cewa shikenan an gama da cin hanci tunda inji ba ya karɓar na goro, wasu kuma na cewa ai ƙarshen zamani ne ya zo injina za su fara harbin mutane. Kuma maganar ta wuce hirar shayi fa. Dubai ta nuna ɗan sandanta na ƙarfe tun 2017. Birnin New York ya gwada karen kamfanin Boston Dynamics, jama'a suka yi masa ca, aka soke kwangilar a 2021, sai gashi a 2023 an dawo da shi. A San Francisco kuwa ƙarshen 2022 majalisar birnin ta amince 'yan sanda su iya kisa da mutum-mutumi in tura ta kai bango, bayan mako guda suka janye saboda surutun mutane.

Toh wasu Japanawa biyar sun zauna sun yi wa wannan tambayar dogon tunani tun 1988, kuma da barkwanci suka amsa ta. Sunan aikin nasu Patlabor. Yanzu sunan ya sake tasowa a bakin masu kallon anime, wato katun ɗin Japan, saboda sabon da ake kira Patlabor EZY, wanda aka fara sanar da shi tun 2017 daga baya aka sa fitowarsa a 2026. Saidai in ka saurari yadda ake maganarsa za ka ji kuskure biyu suna maimaituwa, na farko wai katun ne na yara, na biyu wai labarin injina ne suna dambe. Ko ɗaya ba haka bane.

Menene Patlabor ɗin ma tukuna

A cikin labarin akwai wasu manyan injinan aikin gini da ake ce wa Labor. Ka ɗauka katafila ce amma mai ƙafa biyu da hannu biyu, direba na zaune a cikinta yana sarrafa ta. Wannan wurin a riƙe shi da kyau don a nan mutane da yawa ke ɓata, Labor ba ta da hankalin kanta, ba ta yanke shawara, ba ƙirƙirarriyar basira bace irin wadda ake ta magana yanzu. Mutum ne a ciki. In direban ya bugu injin ya bugu, in ɓarawo ne injin ya zama ɓarawo. Da laifuka irin waɗannan suka yi yawa sai rundunar 'yan sandan Tokyo ta buɗe sashe na musamman mai nasa injinan sintirin, su ne Patlabor. Labarin yana faruwa ne tsakanin 1998 zuwa 2002, wato shekara goma kacal gaba da lokacin da aka fara shi, shi ya sa komai na cikinsa kamar yau, motoci, shaguna, wayar tarho, cunkoson titi.

Mutum biyar ɗin sun kira kansu Headgear: Masami Yuki mai zanen manga, wato littafin labari cikin zane na Japan, Yutaka Izubuchi mai zana injina, Kazunori Ito marubuci, Akemi Takada mai zana fuskokin 'yan wasa, sai darakta Mamoru Oshii. Sun haɗu ne a ƙungiya ɗaya don haƙƙin mallakar aikin ya tsaya a hannunsu kada kamfani ya haɗiye.

Ba a talabijin aka fara shi ba, ba kuma a sinima ba. A kaset aka fara sayar da shi kai tsaye, tsarin da Japanawa ke ce wa OVA, kashi bakwai daga 1988 zuwa 1989. Wanda ya san yadda finafinan Hausa suka taso a Kano tun daga Turmin Danya a 1990 zai gane tsarin nan take, kaset ne daga wurin mai shiryawa zuwa kasuwa, in mutane sun saya a yi na gaba. Suka saya kuwa. Daga nan aka yi fim na sinima a 1989, sai mai dogon zango na talabijin kashi 47 daga 1989 zuwa 1990, sai wani OVA ɗin kashi 16, sai fim na biyu a 1993, na uku a 2002. A gefe guda Yuki yana ta zana mangarsa a mujallar Shonen Sunday daga 1988 har 1994, littafi 22. Abin da ke rikita sabon mai kallo shi ne ba layi ɗaya duk suke bi ba, kaset ɗin farko da finafinan sinima hanyarsu ɗaya, na talabijin da OVA na biyu hanyarsu ɗaya, manga kuma tata daban, mutanen dai su ne amma abubuwan da suka same su sun bambanta.

Ina suka samo wannan tunanin

Sai ka san halin da Japan take ciki a lokacin kafin ka gane. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, wadda manyan ƙasashe suka yi don sauke darajar dala, darajar kuɗin Japan, yen, ta yi sama, babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwa, kuɗi suka yi yawa a hannun kamfanoni, kowa ya ruga sayen fili da hannun jari. Ranar 29 ga Disamba 1989 ma'aunin kasuwar hannun jari na Nikkei ya kai 38,915, kuma bayan faɗuwar da ya yi bai sake taka wannan matakin ba sai Fabrairun 2024, kaga irin kumburin da aka yi kenan. Fili a Tokyo ya fi ƙarfin mai albashi, ana rushe tsofaffin unguwanni ana dasa dogayen benaye, ana cike teku da ƙasa don a samu wurin gini. A 1989 ɗin ma aka fara aikin hanyar Aqua-Line da ta ratsa mashigin tekun Tokyo, wani ɓangare gada, mafi yawanta rami a ƙarƙashin ruwa, ba a buɗe ta ba sai 1997. Ga kuma ƙarancin leburori don samari ba sa son aikin gini.

Su Headgear ba wani abu suka ƙirƙiro daga sama ba, abin da ke gaban idonsu suka ƙara wa gishiri. A labarin akwai gagarumin aiki mai suna Babylon Project, za a gina katanga a tekun Tokyo saboda ruwan teku na ƙaruwa sannan a cike wurin a samu sabon fili. Aiki irin wannan hannun mutum ba zai iya ba, sai aka cika garin da Labor dubbai. Daga nan matsala ta biyo baya da kanta, direba ya sha ya yi tatul ya hau inji ya rushe gidan mutane, wani ya fasa banki da shi, masu tsattsauran ra'ayin kare muhalli su sace shi su kai hari wurin aikin.

Akwai kuma dalili na biyu. Kafin lokacin an saba da katun ɗin manyan injina na yaƙi, Mazinger Z a 1972, Gundam a 1979, har da Voltron da da yawanmu muka kalla a talabijin muna yara, wanda asalinsa katun ɗin Japan ne aka yi masa kwaskwarima a Amurka. A duk waɗannan injin jarumi ne ko makamin yaƙi. Patlabor ya sauko da shi ƙasa ya mai da shi kayan gwamnati mai lambar mota da fitilar 'yan sanda a kafaɗa, wanda sai an cike fom kafin a saya masa safaya.

Me ya sa abin dariya ne

Labarin yana bin runduna ta biyu ta wannan sashen, kuma ita ce saniyar ware a duk 'yan sandan Tokyo. An jefa su can bayan gari a kan filin da aka cike daga teku, ba shago ba maƙwabci, ciyawa ta fi mutum tsayi. Gidan abinci ɗaya ne tak yake yarda ya kawo musu oda, wani na abincin Chaina mai suna Shanghai-tei, kuma akwai kashi guda sukutum a na talabijin da ba komai a cikinsa sai rigimar odar abincin rana. Mafi yawan lokacinsu jira ne. Makanikai na kamun kifi a bakin ruwa suna shanyawa, ana yankan ciyawa, ana faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mutanen ne gishirin abin. Noa Izumi yarinya ce daga Hokkaido wadda son injin ne ya kawo ta aikin ɗan sanda, ta raɗa wa nata suna Alphonse, sunan da ta taɓa sa wa karenta da magenta, tana goge shi tana lallaɓa shi, in aka fita aiki babban tsoronta kada fenti ya karce. Asuma Shinohara shi ke ba ta umarni daga ƙaramar mota a ƙasa, kuma ɗan mai kamfanin da ya ƙera injinan ne amma ba sa ga maciji da uban. Isao Ota direban inji na biyu kullum hannunsa na kan bindiga, ihu yake a bar shi ya harba, in ya harba kuma sai motar bayin Allah ko katangar wani ta tafi. Hiromi Yamazaki ƙato ne daga Okinawa wanda girmansa ya hana shi shiga kujerar injin, ga shi da sanyin hali, shi ke kiwon kaji da noman tumatir a bayan gareji. Shinshi shi kaɗai ne mai aure, salihi ne har sai an taɓa maganar matarsa. Kanuka Clancy kuma aro aka yi ta daga 'yan sandan New York. A gareji akwai dattijo Sakaki, shugaban makanikai, wanda tsawarsa ɗaya ke sa kowa ya nutsu.

Sai Kyaftin Goto, wanda ni a wurina shi ne zuciyar labarin gaba ɗaya. In ka gan shi za ka raina shi, ido kamar mai jin barci, silifas a ƙafa a cikin ofis saboda ƙaiƙayin ƙafa, magana a sanyaye. Amma tsohon jami'in tsaron cikin gida ne da ake yi wa laƙabi da reza, kaifin basirarsa ne ya dami manya suka tura shi can inda ba za a ji ɗuriyarsa ba. Ba ya shiga inji, ba ya harbi. Aikinsa sanin halin mutanensa, ya san wa zai tunzura wa zai kwantar, ya san yadda zai sa yaransa su yi abin da ya dace ba tare da ya ba da umarnin da manya za su kama shi da shi ba. Takwararsa ta runduna ta ɗaya Shinobu Nagumo mace ce mai bin doka sau da ƙafa, teburinsu na ofis ɗaya, yana sonta kowa ya sani, ita kuma ta share.

Yanzu kalli yadda fita aiki take. Waya ta shigo wani ya bugu da inji a wata unguwa. Injin 'yan sandan, Ingram AV-98, tsayinsa kusan mita 8, ba zai taka da ƙafa har can ba don batir zai ƙare kuma kwalta za ta farfashe, sai a kwantar da shi a bayan tirela a ɗaure. Tirela ta shiga gari ta maƙale a go-sulo. An isa, an ɗaga shi tsaye, sai ga wayoyin lantarki a sama, lungu ya yi ƙunci, ga motocin mutane a fake, ga 'yan kallo sun cika wurin. Asuma na ƙasa da lasifika yana roƙon mashayin ya sauko a yi magana, Ota na ihu a bar shi ya gama da shi, Noa na tunanin fenti. Injin yana da libarba ƙatuwa a ɓoye a ƙafarsa da kulki mai lantarki a hannu, amma duk harsashi ɗaya sai an yi bayaninsa a rubuce. In an gama an kama mutumin sai a koma ofis a zauna rubuta rahoton ɓarna da takardar ban haƙuri. Dariyar daga nan take fitowa, ƙaton inji na miliyoyi amma abin da ke juya shi kasafin kuɗi ne da takarda da yunwar ma'aikata, kuma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati zai ga ofishinsu a ciki.

Fim ɗin 1989 da maganar manhaja

A nan aka fara nuna cewa wasan ba wasa bane. Injinan gini sun fara haukacewa da kansu a cikin gari ko da direba bai taɓa komai ba. Asuma ya bi diddigi ya gano duk waɗanda suka haukace an sa musu sabuwar manhajar kamfanin Shinohara mai suna HOS, wadda ta riga ta mamaye kusan duk kasuwa. Wanda ya rubuta ta, Eiichi Hoba, ya dasa mata cuta da gangan sannan ya faɗa teku ya kashe kansa tun a farkon fim, wato mai laifin ma babu shi balle a kama. Abin da ke tayar da cutar wani sauti ne da kunnen mutum ba ya ji, wanda iska ke yi in ta ratsa dogayen gine-gine, ga kuma mahaukaciyar guguwa ta nufo Tokyo, ga wani ƙaton dandali a tsakiyar teku da aka sa wa sunan jirgin Annabi Nuhu wanda in iskar ta buge shi duk injinan garin za su tashi lokaci guda.

Ka tuna 1989 ake magana, yawancin mutanen duniya ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Amma fim ɗin ya riga ya hango haɗarin a ce kowa ya dogara da manhajar kamfani ɗaya, ya hango yadda kamfani da gwamnati za su so a rufe maganar a yi gyara a ɓoye don kada kasuwa ta faɗi. Ranar 19 ga Yulin 2024 da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta kwantar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi asibitoci da bankuna suka tsaya, kuskure ne aka yi ba mugunta ba, amma hanyar da abin ya bi ita ce dai. Wani ɗan abu da nake so a fim ɗin, injinan rundunar sun tsira ne saboda wani makanike, Shige, bai yarda da sabuwar manhajar ba tun farko, sai ya ƙi sa ta ya bar tsohuwar.

Akwai kuma wurin da dariya ke tsayawa cak, inda ɗan sandan ciki Matsui da abokin aikinsa ke bin tsofaffin gidajen da Hoba ya zauna, suna tafe a ƙafa da cikin kwalekwale ta magudanan ruwa, ana nuna gidajen katako da aka rushe rabi, kayan mutane a zube, ga dogayen benaye sun yi musu rumfa ta baya. Babu magana sosai, kiɗan Kenji Kawai ne kawai. Unguwannin da ake rushewa da gaske ne a Tokyon lokacin.

Fim ɗin 1993, inda dariya ta ɗauke

Wannan kam siyasa ce zalla. Kundin tsarin mulkin Japan na bayan yaƙin duniya na biyu, sashe na 9, ya hana ta yaƙi. A yaƙin Gulf na 1991 ba ta tura soja ba, dala biliyan 13 ta bayar, amma duk da haka aka yi ta gorin cewa kuɗi kawai ta iya. Sai a 1992 aka yi dokar da ta ba da damar tura sojoji aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tura su Kambodiya, a watan Mayun 1993 aka kashe wani ɗan sandan Japan a can, fim ɗin kuma ya fito a watan Agusta.

Yana buɗewa da wani kwamandan Japan, Tsuge, a aikin kiyaye zaman lafiya a kudu maso gabashin Asiya, an yi musu kwanton ɓauna yana roƙon izinin harbi ana ce masa ya jira, har aka kashe yaransa. Bayan shekara uku sai makami mai linzami ya faɗa kan gadar Yokohama. Daga nan ba wani yaƙi aka yi ba, ruɗu kawai ya dinga jefawa, a shiga kwamfutar tsaron sama a nuna jiragen da babu su, manyan 'yan sanda su tsorata su kewaye barikin soja, soja su fusata, gwamnati ta rasa wa za ta yarda da shi ta zuba tankoki a titunan Tokyo. Ana nuna ma'aikata na tafiya ofis suna wuce tanka, yara na ɗaga wa soja hannu, dusar ƙanƙara na sauka, wanda duk Bajapane zai tuna masa yunƙurin juyin mulkin 26 ga Fabrairun 1936 da aka yi cikin dusar ƙanƙara. Tambayar fim ɗin ita ce zaman lafiyar da kake ci alhali yaƙin ana yinsa a ƙasar wasu kana kallo a talabijin, shin zaman lafiya ne na gaskiya. Injinan ma da kyar suka fito sai can ƙarshe. Bayan shekara biyu Oshii da Ito da Kawai suka yi fim ɗin Ghost in the Shell, wanda ya fi suna a duniya, amma a nan suka gwada hannunsu.

Inda ake saɓani

Saɓani na farko tsakanin masoyan ne kansu. Wasu na ganin Patlabor na gaskiya shi ne na talabijin da manga, na su Noa da odar abinci da farin kada a ramin ƙarƙashin ofis, suna cewa Oshii ya ƙwace mutanen ya mai da su bakin faɗin ra'ayinsa a fim na biyu. Wasu kuma na cewa finafinan ne suka ɗaga shi daga abin nishaɗi. Ni dai ina ganin fim na biyu ba zai yi maka nauyi a zuciya ba in baka zauna da mutanen nan kana dariya da su ba tukuna, sanin Goto mai silifas ne ke sa ranar da ya daka wa manyansa tsawa a ɗakin taro ka ji abin har cikin ƙashi.

Saɓani na biyu ya fi girma. Akwai masu cewa duk labarin da ya mai da ɗan sanda abin so da ban dariya wanke hukuma yake yi, ko da niyya ko babu. Suna da hujja. Ota mutum ne mai son harbi ba dalili kuma an mai da shi abin dariya, ba a taɓa nuna gawar wanda harsashinsa ya samu ba. A Japan wannan barkwancin yana tafiya saboda bindiga ba ta yawo a hannun mutane kuma ɗan sanda kan yi shekaru bai harba ko ɗaya ba. A ƙasar da aka yi zanga-zangar EndSARS a 2020 kuwa, wanda ya rasa ɗan'uwa ta hanyar harsashin ɗan sanda ba lallai ya ga abin dariya a Ota ba, kuma ba za a ce bai fahimta ba. Wani katun ɗin na shekarar 1988, Dominion, daga mangar Masamune Shirow, inda 'yan sanda ke yawo da tankoki a garin da iska ta gurɓace sai da takunkumi, ya ma fi zaƙewa, har azabtar da wanda ake tuhuma da gurneti an mai da shi wasa, wannan kam ni ban iya kare shi ba.

Amma a yi wa Patlabor adalci, bai taɓa nuna hukuma a matsayin mai tsarki ba. Manyan cikinsa kullum kare kujerarsu suke, su ne ke rufa-rufa a fim na farko, su ne suka hura wutar rikici a na biyu. Kamfanoni ma haka, a manga da na talabijin akwai kamfanin Schaft da ke gwada injin yaƙinsa Griffon a tsakiyar gari don tallata shi ga masu saye, kuma yaro ƙarami ɗan Indiya suka sa a ciki yana ɗauka wasan gem yake.

Abin da ya shafi talaka

Ƙaton inji mai ƙafa biyu yana sintiri a titi ba abu ne da za a gani nan kusa ba, nauyi da tsada da sauƙin faɗuwa sun hana, hatta sigar Patlabor ta mutane ta 2014, wadda aka ƙera mata Ingram mai cikakken tsayi ana yawo da shi a tirela, ta yarda injinan sun zama kaya. Amma ɗan'uwansa na aiki ya fara fitowa. A Yulin 2024 kamfanin jirgin ƙasa na JR West ya fara aiki da wani inji mai kai da hannu biyu a kan mota, mutum na zaune a cikin motar da tabarau na musamman yana sarrafa shi, yana yanke rassan bishiya yana fenti a saman layin dogo. Dalilin shi ne dai na labarin, ƙarancin ma'aikata, a ƙasar da kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65.

Abin da zai iso ga talaka da wuri kyamarori ne masu gane fuska da jirage marasa matuƙa da manhajojin da hukuma ke sayowa daga kamfanonin waje, kuma tambayoyin da katun ɗin ya yi ta yi cikin raha su ne za su taso. In na'urar hukuma ta yi maka ɓarna ko ta nuna ka a matsayin mai laifi bisa kuskure wa za ka kama, wanda ke sarrafa ta, ko ogansa, ko kamfanin da ya rubuta manhajar yana wata ƙasa? In ta lalace akwai makaniken da ya san cikinta a gida ko sai an jira ɗan kwangila? Kuɗin gyara da batir da safaya na cikin kasafi ko ranar ƙaddamarwa kawai aka yi wa tanadi? Sannan ina ake kai mutanen unguwar da aka rushe don babban aiki? Masu cewa inji ba ya karɓar na goro gaskiya suka faɗa, saidai wanda ya ba da kwangilar sayo shi da wanda ke riƙe da makullinsa mutane ne. Masu tsoron inji zai yi harbi da kansa su ma tsoronsu na da tushe, tunda tun 2016 'yan sandan Dallas suka kashe wani ɗan bindiga da bam ɗin da suka ɗora wa mutum-mutumi, amma ko a nan mutum ne ya ba da umarni mutum ne ya danna.

Ga iyaye masu tambaya ko za a bar yara su kalla, na talabijin ɗin mafi yawansa ba shi da matsala ga matasa, ba zubar da jini sosai, saidai akwai shan giya a wasu wurare da barkwancin manya jefi-jefi musamman a OVA na biyu, gara babba ya fara dubawa. Fim na farko yana ɗauko sunaye da ayoyi daga Baibul, Babila da jirgin Nuhu, a san da wannan. Fim na biyu da na uku kuwa na manya ne, yaro zai gaji tun kafin a kai rabi. Wanda zai fara, ya fara da kashi bakwai ɗin nan na 1988 ya bi da fim ɗin 1989, in mutanen sun shiga ransa sai ya koma na talabijin, ya ajiye na 1993 sai ƙarshe.